Frank Baker, Manomi Mai Kulki

Mai karatu, yau karatunmu zai kai mu nesa, can ƙasar Amurka. Za ka ji tarihin wani ɗan wasa mai suna Frank Baker. Ana faɗin sunan nan Beka. Ya rasu tun 1963, shekara 3 bayan Nijar ta samu 'yancin kai. A lokacin ko garin Arlit ma ba a kafa ba.

Mai yiwuwa ka ce, ina ruwan mutumin Arlit ko Akokan da ɗan wasan Amurka? To, yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Mutumin nan da ƙarfin jikinsa ya ci abinci, kamar mai haƙar ma'adini, kamar ɗan kokawa. Ya bar ƙauye ya tafi birni neman kuɗi. Ya yi rigima da maigidansa a kan albashi. Mutuwa ta shiga gidansa. Duk waɗannan mun san su. Abin da nake so ka lura da shi guda ne: duk inda ya tafi, bai taɓa sakin gonarsa ba.

Yadda ake wasan

Wasan da Baker ya yi sunansa besbol. Ba a cika yin sa a ƙasarmu ba, don haka bari in bayyana maka shi tukuna.

Ƙungiya 2 ke karawa, kowace da mutum 9. Ƙwallon ƙarami ne, kamar lemu, amma yana da tauri. Ba a taɓa shi da ƙafa. Da hannu ake jifa, da kulkin icce ake bugu.

A cikin fili akwai tasha 4, an jera su kamar kusurwoyin ɗaki. Tsakanin kowace tasha da ta gabanta mita 27 ne. Akwai tasha ta 1, ta 2, da ta 3. Ta huɗun ita ake kira gida. A gida mai bugu yake tsayawa da kulkinsa. Mai jifa yana tsaye a gabansa, nisan mita 18, ya jefo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa. In mai bugu ya same shi, sai ya yar da kulki ya sheƙa da gudu zuwa tasha ta 1. Abokan karawa kuwa suna neman su cafe ƙwallon su riga shi kai wa can. In sun riga shi, ya fita. In ya kewaye tashoshin nan duka ya komo gida, ƙungiyarsa ta ci maki 1.

Akwai bugun da ya fi kowane. Shi ne mutum ya maka wa ƙwallo kulki har ya tashi sama ya tsallake katangar fili, nisan mita 100 ko fiye. In haka ta faru ba mai tare shi. Sai ya kewaya a natse ya komo gida. Wannan bugu Amurkawa ke kira hom ran, ma'ana gudu zuwa gida. Riƙe kalmar nan, za mu sake gamuwa da ita.

In ƙungiya ta gama bugu, sai ta koma tsaron fili. Aikin Baker shi ne tsaron tasha ta 3. Wuri ne mai haɗari. Yawancin masu bugu na-dama ne, kuma ƙwallonsu mai zafi ta wajen nan yake bi. Mai tsaron yana kusa, ba shi da lokacin tunani. Dole ya cafe, ya jefa har tasha ta 1, nisan kusan mita 39. Duk shekarun da Baker ya yi a manyan ƙungiyoyi, a nan ya tsaya, bai taɓa tsaron wani wuri ba.

Ɗan ƙauye

An haifi Baker ran 13 ga Maris 1886, a wani ɗan gari mai suna Trappe, cikin jihar Maryland, a gabashin Amurka. Ubansa manomi ne. Yaron ya tashi cikin aikin gona, kuma aikin nan ne ya ƙarfafa masa damatsa da wuyan hannu. Ya yi lekol a garinsu, a can ya fara wasa.

A 1905, yana da shekara 19, wata ƙaramar ƙungiya ta garin Ridgely ta ɗauke shi. Tana biyansa dala 5 a mako. Ka lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba. A nan aka fara sa shi tsaron tasha ta 3.

A 1907 wata ƙungiya ta birnin Baltimore ta gwada shi. Wasa 5 kawai ya yi aka sallame shi, wai bai iya bugu ba. Ka ji fa! Da wani ne da ya yi zuciya ya bari. Shi kuwa ya nemi wata ƙungiya ya ci gaba. A 1908 ya yi wasa a garin Reading, ya yi ƙoƙari ƙwarai. Kafin shekarar ta ƙare, labarinsa ya kai kunnen wani babban mutum mai suna Connie Mack.

Connie Mack shi ne mai horar da ƙungiyar Athletics ta birnin Filadelfiya, kuma yana cikin masu ita. Shekara 50 ya yi yana riƙe da ƙungiyar nan, daga 1901 zuwa 1950. Ya sayi Baker a watan Satumba 1908. Ɗan ƙauye ya shiga birni ke nan.

Kulki mai nauyi

A zamanin nan tsallake katanga abu ne mai wuya. Ƙwallo guda ake ta bugu har ya yi laushi, ya yi baƙi da datti. Filayen kuma manya ne. Shi ya sa yawancin 'yan wasa ba su neman bugu mai nisa. Sukan ɗan taɓa ƙwallo ne su ruga.

Baker ya bi tasa hanya. Kulkinsa ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Na 'yan wasan yanzu bai cika kilo 1 ba. Ta hagu yake bugu, da dama yake jifa. In ya sami ƙwallo daidai, sai ka ga masu tsaro suna bin sa da kallo.

Ga kuma juriya. 'Yan wasan suna sa takalmi mai ƙusoshin ƙarfe a ƙasa, don kada su zame. A 1909 wani shahararren ɗan wasa mai zafin rai, Ty Cobb, ya zo tasha ta 3 a guje, ƙafa a gaba. Ƙusa ta yanki Baker a hannu. Aka ɗaure masa wurin, ya ci gaba da wasa.

Manyan ƙungiyoyin Amurka sun kasu rukuni 2. A ƙarshen shekara, cikin Oktoba, zakaran wannan rukuni yana karawa da zakaran wancan. Wanda ya fara cin wasa 4 shi ne gwanin shekara. Kamar dai takobin kokawa a wurinmu, wanda kowace jiha ke so ya kwana a gidanta. Ƙungiyar su Baker ta ci wannan gasa a 1910, da 1911, da 1913.

Kwana biyu a Oktoba

Sunan Baker ya cika Amurka a 1911. A shekarar nan ƙungiyarsa ta kara da Giants ta birnin Niyok. Giants na da masu jifa 2 da kowa ke tsoro, Rube Marquard da Christy Mathewson.

Ran 16 ga Oktoba, Marquard ne ke jifa. Ana kunnen doki, 1 da 1. Baker ya zo bugu, akwai abokinsa guda a kan tasha. Ya maka, ƙwallo ya tsallake katanga. Athletics ta ci wasa 3 da 1.

Washegari wata jarida ta fito da rubutu da sunan Mathewson, yana sukar abokin aikinsa, cewa bai yi jifar da ta dace ba. Ai ka san abin da Hausawa ke cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ranar nan, 17 ga Oktoba, Mathewson ne da kansa ke jifa, kuma a gidansu, Niyok. Giants na gaba 1 da 0. Wasa ya zo zagaye na 9, wato na ƙarshe. Mutanen Niyok har sun fara murna. Sai ga Baker da kulkinsa. Ya sake makawa, ƙwallo ya faɗa cikin 'yan kallo. Aka koma kunnen doki. Aka ƙara lokaci, Athletics ta ci 3 da 2. Daga baya ta ɗauki gasar baki ɗaya.

Daga nan laƙabin Hom Ran ya bi shi har kabari. Shekara 4 a jere ba wanda ya fi shi irin wannan bugu a rukuninsu. A 1911 ya yi 11. A 1912 ya yi 10. A 1913 ya yi 12. A 1914 ya yi 9.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani game da zamanin. Duk iyawar baƙar fata, ba a yarda ya shiga manyan ƙungiyoyin nan ba. Baƙaƙen Amurka sai dai su kafa nasu. Sai a 1947 Jackie Robinson ya buɗe ƙofar. Saboda haka Baker bai kara da gwanayen baƙaƙe a gasar ba. Wannan tabo ne a tarihin wasan.

Rigimar albashi

A farkon 1914 Baker ya sa hannu a takardar aiki ta shekara 3. A shekarar nan kuma sai wani sabon rukuni na wasu masu kuɗi ya fara janye 'yan wasa da albashi mai tsoka. Nan da nan farashin gwanaye ya tashi. Baker ya duba ya ga waɗanda ba su kai shi ba sun fi shi samu.

Ƙarshen 1914 Athletics ta sha kashi a gasar ƙarshe, wasa 4 a jere, a hannun ƙungiyar Braves ta birnin Boston. Connie Mack ya fara sayar da manyan 'yan wasansa. Baker ya nemi a sake duba albashinsa. Mack ya ƙi, don akwai takarda, kuma da hannun Baker a kanta.

Tsaya nan kaɗan, mai karatu. Kowannensu yana da hujja. Baker ya san darajar aikinsa. Mack kuma yana riƙe da takarda. Ka ga ƙarfin rubutu ke nan. Abin da ka sa wa hannu yau, shi zai yi magana gobe. Kafin ka sa hannu, karanta da kanka. Duba kuɗin, duba kuma yawan shekarun.

A dokar wasan ta lokacin, ɗan wasa ba ya iya barin ƙungiyarsa ya koma wata don kansa. Sai dai a sayar da shi ko a sallame shi. Sai a shekarun 1970 aka karya wannan doka. To, me Baker zai yi? Zaɓi 2 gare shi. Ko ya koma a kan tsohon albashi, ko ya zauna.

Ya zauna. Yana da shekara 29, ƙarfinsa na kan ganiya, ya koma Trappe. Shekarar 1915 duka bai taka babban fili ba. Yana duba gonarsa, yana ɗan wasa da wata ƙaramar ƙungiya ta garin Upland. Me ya ba shi wannan ƙarfin hali? Yana da wurin komawa. Wanda ke da hatsi a rumbu ba ya rawar jiki gaban maigida.

Ita kuwa Athletics, a 1915 ta ci wasa 43, aka cinye ta 109. Ta zo ta ƙarshe. A farkon 1916 Mack ya haƙura, ya sayar da Baker ga ƙungiyar Yankees ta Niyok, a kan kuɗin da ya haura dalar Amurka 30,000.

Mutuwa ta shiga gida

Baker ya yi wa Yankees wasa daga 1916 zuwa 1919. A shekarar farko ya karye haƙarƙari wajen bin ƙwallo, ya daɗe yana jinya. Da ya warke ya ci gaba. Amma kowace shekara, da an gama wasa, sai ya tattara ya koma ƙauye, kamar ɗan cin rani in ya ga hadari.

Ya yi aure tun 1909. Sunan matarsa Ottilie. A farkon 1920 wani zazzaɓi mai yaɗuwa, mai fesa jajayen ƙuraje a jiki, ya shiga gidansu. A lokacin ba a samo magungunan da likitoci ke kashe irin wannan ciwo da su yanzu ba. Matar ta rasu. 'Ya'yansa mata 2 su ma suka kamu, amma Allah ya yi da sauran kwanansu.

Albashi na jiransa a Niyok. Marayu na kallonsa a gida. Baker ya zaɓi gida. Shekarar 1920 duka bai koma Yankees ba, ya zauna kusa da 'ya'yansa. Karo na 2 ke nan da ya bar shekara guda ta wuce. Ɗan wasa kuwa shekarunsa ƙidayayyu ne, wadda ta wuce ba ta dawowa.

Zamani riga ne

A 1921 ya koma Yankees, yana da shekara 35. Ya tarar wasa ya sake. Yanzu da ƙwallo ya yi datti sai alƙalin wasa ya kawo sabo. Ga kuma wani ƙaton saurayi a ƙungiyar, mai suna Babe Ruth. A 1920 Ruth ya tsallake katanga sau 54. A 1921 ya yi 59. Ka tuna, mafi yawan da Baker ya taɓa yi a shekara 12 ne. Mai laƙabin Hom Ran ya ga wanda ya ninka shi kusan sau 5, kuma riga ɗaya suke sawa.

Baker bai bar aikinsa don haka ba. Ya ci gaba da tsaron tasharsa. Yankees ta kai gasar ƙarshe a 1921 da 1922, amma duka Giants ta cinye ta. Bayan 1922 ya ajiye kulki. A farkon shekarar ya riga ya sake aure, kuma Allah ya ƙara ba shi 'ya'ya 2.

Ga lissafin aikinsa. Ya yi shekara 13 a manyan ƙungiyoyi. Ya tsallake katanga sau 96. Ya je gasar ƙarshe sau 6, ya ci 3.

Yaron da ya tura

A 1924 Baker ya karɓi horar da wata ƙaramar ƙungiya a Easton, kusa da garinsu. A nan ya ɗauki wani yaro ɗan manoma, mai shekara 16, mai suna Jimmie Foxx. Ya ga yaron yana da ƙarfi irin wanda gona ke bayarwa.

Ka san wurin wa yaron ya tafi? Wurin Connie Mack, mutumin da suka yi rigima da shi shekara 9 baya. Baker bai bar tsohon fushi ya tare wa yaro hanya ba. Foxx ya zama ɗaya daga cikin manyan masu bugu na tarihi. Ya tsallake katanga sau 534, wato ya ninka malaminsa fiye da sau 5.

Ƙarshen rayuwa

Sauran shekarunsa Baker ya yi su a Trappe. Yana noma, yana farautar agwagwar ruwa. An sa shi cikin majalisar garin, da kuma cikin masu kula da bankin garin. An san shi da rashin girman kai. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya ashar.

A 1955 aka shigar da sunansa gidan tarihin gwanayen besbol da ke garin Cooperstown. Ba girman da ya fi wannan a wasan. Ya rasu ran 28 ga Yuni 1963, bayan ciwon shanyewar jiki, yana da shekara 77. A garin da aka haife shi ya cika. Daga ajiye kulki zuwa rasuwarsa shekara 40 ne da 'yan kai. Wasa ya ciyar da shi shekara 13 a birni. Sauran a gida ya ci su.

Abin lura

Mai karatu, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ƙarfin damtse yana da iyaka. Aikin kamfani ma haka. Mun gani da idonmu. Ramin COMINAK na Akokan ya fara ba da uraniyum a 1978. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe shi, don ma'adinin ya ƙare. Ma'aikata da yawa suka wayi gari ba aiki. Masu shago, da masu sayar da abinci, da masu ɗan kabu-kabu, kowa ya ji a jikinsa.

Yawancin mutanen garuruwan nan daga wani wuri suka zo, wasu daga Tawa, wasu daga Maraɗi ko Damagaram, wasu daga ƙauyukan Ayar. In kana da gona a gida, kada ka sayar don albashin yau. In kana da garka a Timiya ko Tabelot, kada ka bari rijiyarta ta rufta. In ba ka da ko ɗaya, fara da tunkiya guda, ko ka koyi sana'ar hannu tun da sauran ƙarfi. Ke ma 'yar'uwa, kuɗin adashi na iya zama akuya, akuya ta zama garke. Karatun nan da kake yi ma gona ce, kuma ba mai ƙwace maka ita.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Frank Baker, kuma mene ne aikin ubansa?
2. Mene ne ma'anar hom ran?
3. Don me Baker ya zauna gida a 1915? Don me kuma a 1920?
4. An haife shi a 1886, ya rasu a 1963. Yi lissafin shekarunsa a allonka.
5. In aikin da kake yi ya tsaya gobe, ina za ka koma? Rubuta amsarka cikin layi 3.